Kabad ɗin Malam Sada

Har gobe ban manta da ranar Talatar da wata babbar mota ta sauke wani tsohon kabad a ƙofar wurin aikinmu a Garki ba. Damina ce, ta 1991, ana saura 'yan watanni a dawo da kujerar mulki daga Legas ɗungurungum. Ku da kuka tashi kuka tarar da Abuja a gine ba za ku gane yadda garin yake a lokacin ba. Jar ƙasa ce ko'ina, da ciyawa mai tsawon mutum, da gidaje sababbi fil a jere babu ko labule a tagoginsu. Kullum motoci na shigowa ta Zuba ɗauke da kayan ma'aikata, katifu da kujeru da tukwane, wani lokaci har da turmi an ɗaure shi da igiya a can sama.

Ni a lokacin babban kafinta ne, mataki na shida, a sashen gyaran gidaje na wata ma'aikata. Shekarata talatin da huɗu, na koyi aikin a Zariya, na ƙware a Legas, kuma in faɗa muku gaskiya, kaina yana rawa. Ban yarda akwai wanda ya fi ni sanin katako a faɗin garin ba. Foman ɗinmu, wato shugaban masu aikin hannu, shi ne Oga Bulus, mutumin Filato, dogo mai sanyin magana, wanda yakan ce da ni, "Isiyaku, hannunka yana da kyau, amma kunnenka ya toshe." Ni kuwa sai in yi dariya in ce ai ba da kunne ake riƙe zarto ba.

Ga yadda tsarin yake. 'Yan kwangila sun gina gidajen, amma da yawa sun bar kicin ɗin babu komai sai wurin wanke-wanke da dakalin siminti. Ma'aikacin da yake son kabad sai ya cika fom, jami'in gidaje ya sa hannu, foman ya je ya auna, sannan sito ya fitar da kaya. Akwai kuma doka ɗaya da nake so ku riƙe, don za mu dawo kanta: duk abin da aka kafa a bangon gidan gwamnati ya zama na gwamnati. Ranar da ka yi ritaya, da kai da akwatinka za ku fita, kabad yana nan.

Kaya iri uku muke zaɓa a ciki. Na farko cifbod, wato garin katako da aka matse da gam. Yana da kyau a ido, amma waɗanda suka ƙirƙiro shi ba su taɓa ganin yadda matanmu suke wanke kicin ba. Bokiti guda ake sheƙawa a ƙasa a bi da tsintsiya. Wata uku ya isa, sai ka ga gindin kabad ya kumbura kamar burodin da ya faɗa cikin shayi. Na biyu filawud, wato siraran fallayen katako da aka manne su wuri ɗaya, wanda yake jurewa in ka ɗaga shi daga ƙasa, ka yi masa ƙafafu. Na uku katako zalla, maɗaci ko loko. Wannan shi ne sarki, sai dai in an kawo shi ɗanye daga kudu aka yi gaggawar yanka shi, rani ɗaya na Abuja zai tsattsage shi. A saman kowanne kuma sai mu manna fomeka, wato wani siririn falle mai tauri da santsi kamar roba.

Fomeka! Ni ban san abin da nake so a duniyar aiki kamar fomeka ba a shekarun nan. Wuƙa ba ta cinta da sauƙi, mai ba ya shigarta, ka zubar da miya ka goge da tsumma kamar ba a yi ba. A farkon shekarar ma sai da na yi wa matata Saude kabad mai farar fomeka a ɗan gidanmu na Nyanya. Tsohon teburin da take yanke-yanke a kai tun muna amarya da ango na farfasa shi, aka yi girki da shi. Ta yi murna da sabon, har ta kira maƙwabta su gani. Da yamma dai ta ce, "Teburin nawa fa, Malam?" Na ce, "Wane tebur? Wannan tarkacen?" Ta yi murmushi, ba ta ƙara maganar ba.

To, mu koma kan kabad ɗin da aka sauke. Mai shi ya iso bayan motar da kamar rabin sa'a. Sunansa Malam Sada, Bakatsine, babban akawu a sashen fansho, mutum mai kimanin shekara hamsin da biyar. Farar riga, hula a daidaice, biro biyu a aljihu. Ya gaisa da Oga Bulus, ya miƙa fom ɗinsa, sannan ya juyo wurina.

"Kai ne kafintan?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Kicin ɗin da aka ba ni ƙarami ne, wannan ba zai shiga ƙofar ba. Ina so ka wargaza shi, ka yi mini na bango da katakonsa."

Na zagaya kabad ɗin. Maɗaci ne na gaske, mai kauri, aikin wani tsohon kafinta da ya san abin da yake yi. Amma ya sha wuya. Samansa duk zanen wuƙa ne, dubbai, sun haɗu har tsakiyar ta ɗan lotsa. A gefe ɗaya akwai wani baƙin zobe inda aka taɓa dire tukunya mai zafi. Mariƙin ƙofar dama ya ɓalle tun tuni, wurin da ake sa yatsu a jawo ta ya yi baƙi ya yi santsi. Da na buɗe, wani ƙamshi ya buge ni, na daddawa da citta da manja da hayaƙin risho.

Na ce, "Ranka ya daɗe, akwai filawud mai kyau a sito, ga fomeka kala uku. In ka bar ni, kwana huɗu in yi maka abin da Hajiya za ta gani ta yi guɗa."

Ya dubi ƙasa, ya gyara biro a aljihunsa.

"Da wannan nake so," ya ce. "Ka kula mini da shi."

Oga Bulus ya tuna masa dokar bango, cewa in an kafa shi ya zama na gwamnati. Malam Sada ya ce ya sani, shi yake lissafa wa mutane ranar fitarsu. Ya sa hannu ya tafi.

A raina na ce wannan dai irin dattawan nan ne masu riƙon tsiya, waɗanda ba sa iya rabuwa da ko tsohon takalmi. Kuma raina ya ɗan sosu da ya ƙi shawarata a gaban foman. Sai na ƙudurta zan nuna masa. Zan mayar da wannan tsohon katako sabo, har sai ya rantse ba nasa ba ne.

Ranar Laraba na wargaza shi a hankali, na zare kowace ƙusa ba tare da na tsaga ko allo ɗaya ba. Na jera allunan, na zaɓa. Guda ɗaya ne kawai na ƙi, allon ƙasa. Mai ya jiƙa shi har cikin ɓargo, ya yi baƙi ƙirin, ga shatar gindin kwalabe da gwangwanaye a kansa rututu. Irin wannan katako banish, man da muke shafawa ya yi ƙyalli, ba ya kama shi, gam ma ba ya riƙe shi. Na wurga shi bayan shago, kan tulin guntaye.

Sauran kuwa na sa musu filen, abin da muke feƙe fuskar katako da shi. Kwana uku ina yi. Ban ba kowa ba, da hannuna na yi. Zanen wuƙa ya tafi, baƙin zoben ya tafi, wurin yatsun nan na ƙofa ya tafi. Jan maɗaci ya fito kamar yau aka sare shi. Na bi da samfefa mai kaushi, na bi da mai laushi. Duk lokacin da filen ya wuce, ƙamshin nan na daddawa da citta sai ya tashi daga ɓawon da yake zuba ƙasa, har abokan aiki suna tsokanata wai miyar kuka nake dafawa. Zuwa Juma'a da yamma ƙamshin ya ƙare, sai na katako zalla. Na tsaya na dubi aikina na ji daɗi ƙwarai.

Ranar Litinin da hantsi Malam Sada ya leƙo. Na tare shi da fara'a, na kai shi inda alluna suke jingine suna ƙyalli. Ya tsaya. Ya ɗora tafin hannunsa a kan allon sama, ya shafa daga wannan gefe zuwa wancan. Ya sake shafawa. Sai na ga yatsansa yana zagaya wani wuri a gefe, yana neman wani abu.

"Nan akwai wani baƙin zobe," ya ce.

"Na cire shi, ranka ya daɗe. Ya shiga sosai, amma na bi shi har ƙarshe."

"Da zanen wuƙar?"

"Duka. Ko ɗaya ba za ka samu ba."

Da alfahari na faɗa, Allah ya sani. Ya ɗaga allon ƙofa ya kai hancinsa, ya ajiye. Sannan ya nemi benci ya zauna, ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

"Sannu da aiki," ya ce.

Oga Bulus ya taso daga teburinsa. Shi ya fara ganewa. "Oga, lafiya? Akwai abin da ya lalace ne?"

Da Malam Sada ya buɗe baki, ba ni ya duba ba, ƙasa ya duba.

"Na mai ɗakina ne. Shekara ashirin da shida tana aiki a kansa. Allah ya yi mata rasuwa da azumin bana, a can Legas aka binne ta. Ita ce ma mai ɗokin tahowa Abuja, wai mun matso gida, za ta riƙa zuwa Katsina ta dawo a rana biyu." Ya juya hular a hannunsa. "Gidan can an karɓe. Kabarin yana can. Wannan kaɗai mota ta iya ɗaukowa."

Har wanda yake buga guduma a bayan shago ya daina.

"Zoben nan," ya ci gaba, "ranar da babbar 'yarmu ta fara tafiya ne. Ta nufi risho, uwar ta dire tukunyar a nan ta cafke ta. Kullum in ta goge wurin sai ta ba da labarin, har muka gaji da ji."

Abin da na fara ji a raina haushi ne, ba zan ɓoye muku ba. Na ce, "To ranka ya daɗe, me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

Ya ɗago ya dube ni. "In ce maka me, Malam Isiyaku? In tsaya a gaban mutane in ce ina kewar matata?"

Na tuna na ambaci Hajiya da guɗa, na tuna yadda ya sunkuyar da kai. Amsar tana gabana tun ranar, ni ne ban tsaya na duba ba. Mutumin ya ce in kula masa da shi, ni kuwa kular da na sani ke nan, in goge abu har ya yi sumul.

Ya tambaya a hankali ko ɓawon da aka feƙe yana nan. Babu. Al'adar shagonmu ce, kowace yamma Mama Talatu, wata mata daga wajen Sheda da take sayar mana da abinci a bakin hanya, takan zo ta kwashe ɓawo da guntaye ta hura wuta. Shekara ashirin da shida na hannun matar nan, mun ci shinkafa da wake da su.

Sai allon ƙasa ya faɗo mini a rai. Na fita bayan shago da gudu. Tulin guntaye babu komai, an share tas. Kwana biyar ke nan da na jefar da shi, kuma katakon da ya sha mai irin wannan shi mai wuta take fara ɗauka. Na miƙe zuwa rumfar Mama Talatu, takalmina yana kama jan laka.

Na same ta tana juya tuwo. Na dubi murhu, na dubi itacen da ke gefe. Babu shi.

"Mama, wani baƙin allo da na jefar ran Laraba, mai mai a jiki. Kin ƙona?"

Ta dube ni sama da ƙasa. "Kai ne ka yar da shi?"

"Ni ne."

Ta ajiye muciya, ta shiga bayan rumfa, ta fito da shi. Ta jingine shi ne a inda ruwan sama ba ya taɓawa, har ta rufa masa buhu.

"Ni ba na iya sa wannan a wuta," ta ce da irin tata Hausar. "Ka gani, nan manja yana zama. Nan gishiri, ya ci wurin. Nan daddawa. Wani mata ya yi aiki a kan wannan katako, ya daɗe. Na ce mai shi zai zo."

Ni da nake taƙama babu wanda ya fi ni sanin katako, mai tuwo ta karanta allon da kallo ɗaya. Na karɓa da hannu biyu, na ma kasa yi mata godiyar kirki.

Da na shiga shago na ajiye shi a kan cinyar Malam Sada, a kan farar rigarsa, da maiƙonsa da komai. Bai ture ba. Ya bi shatar kwalaben da yatsa ɗaya bayan ɗaya, leɓensa yana motsi. Ya kai allon fuskarsa ya daɗe a haka. Oga Bulus ya ja hannuna muka fita waje, muka tsaya muna kallon motocin da ke wucewa da kayan mutane, har sai da muka ji ya yi gyaran murya.

Kabad ɗin na gama shi a mako biyu. Ban sa masa fomeka ba. Allon nan kuma ban wanke shi ba, ban kusantar da samfefa gare shi ba. Ban mayar da shi ƙasa ba, na sa shi a tsakiya, daidai inda ido yake sauka in an buɗe ƙofa. Oga Bulus ne ya kawo dabarar da ta fi kowacce. Ya ce kada in sa masa gam ko ƙusa, in ɗora shi kawai a kan 'yan turaku huɗu, yadda za a iya ɗaga shi da hannu. Sannan ya ɗauki takardar kayan gidan ya rubuta a ƙasa cewa allo ɗaya ba a kafe yake ba, mallakin mai zama ne. Ya buga hatimi.

"Gwamnati ya ɗauki bango," ya ce da Hausarsa ta Filato. "Wannan ba nasa ba ne."

Bayan shekara biyar Malam Sada ya yi ritaya. Ya aiko a kira ni, ko da yake aikin bai fi ƙarfin yaro ba. Na je na tarar an gama loda mota. Kicin ɗin babu komai sai kabad a bango, jan maɗacin ya ɗan dushe. Na buɗe ƙofa na ɗaga allon na miƙa masa. Ya naɗe shi a cikin wani zanen atamfa, bai yarda a sa shi a bayan mota ba. A kan cinyarsa ya tafi da shi Katsina. Ban sake ganinsa ba.

Tun daga wannan aiki, ko a ma'aikata ko yanzu da nake da ɗan shagona a nan kusa da kasuwar Gudu, ba na sa filen a kan tsohon katakon mutum sai na zaunar da shi. In tambaye shi na waye, in tambaye shi wane tabo yake so a bari. Yawancin mutanenmu ba za su faɗa maka kai tsaye ba, musamman maza. Sai ka lura da inda hannunsu yake zuwa in suna magana. Ku da kuke koyon aikin nan a wurina, kun iya bambanta cifbod da filawud, kun san loko daga maɗaci, wannan duk a wata shida ake koya. Abin da ya ɗauke ni shekaru shi ne in yi shiru in bar mai kaya ya gama shafa kayansa. Abin da ka feƙe ba ya komawa, ko kai waye a aikin nan.

Sai dai darasin na kai shi gidajen mutane, ban kai shi gidana ba. Sau uku ina sake wa Saude kicin, daga Nyanya har gidan da muka gina, kowane karo sabuwar fomeka, don ina ganin matar kafinta ba ta kamata da tsohon kaya ba. Bara waccan Allah ya karɓi abarsa. Shekara talatin da tara muna tare.

Yanzu da safe nakan shiga kicin ɗin in dafa ruwan shayi da kaina. Kafin ruwan ya tafasa sai in ɗora hannuna a kan kabad, in shafa daga wannan gefe zuwa wancan, yadda na ga Malam Sada ya yi. Ina kewarta ƙwarai, ni ba na jin kunyar faɗa. Nakan nemi ko zanen wuƙa ɗaya, ko inda ta taɓa dire tukunya. Fomekar mai kyau ce, ni na zaɓe ta da kaina. Ba ta riƙe komai ba.